Wanda Ya Rufe Jinin Ba'ana

Ya Kellu mai kunu ce ta fara ganinsa. Kullum da sassafe takan kai wa tsoho Ba'ana kunu a ofishinmu na maharba da ke Moduganari, inda yake gadi. Ran nan ta yi sallama sau uku ta ji shiru, ta tura ƙyauren langa-langa, ta same shi kwance a bakin ɗakin makamai an fasa masa ƙeya, har ya yi sanyi. An ɓalle kwaɗo, bindigogi huɗu da akwatin harsashi sun yi ɓatan dabo.

Ni ne Ya'akubu, wanda ake ce wa Ya'u mai bin sawu. Na kwana a shingen bincike na Gamboru tare da mutum tara, saboda haka sai da hantsi na iso. Na tarar an ɗauke gawa, tsakar gida cike da mutane, kowa ya tattake inda ya ga dama. Raina ya ɓaci. Mutanen da kullum nake ce wa ƙasa takarda ce, su ne suka murje mini ita kamar garken awaki ya wuce. Wurin da ya kwanta kaɗai ya tsira, an zuba wa jinin yashi, wani kuma ya jefa tabarma a kai.

A gindin darbejiya na hangi Manasse, maharbinmu ɗan duwatsun kudu, ɗaure da igiya, baki a fashe, jini na ɗiga a ƙasa.

"Wane mara hankalin ne ya yi wannan?" na ce.

"Yaya, ka bi a hankali," in ji ƙanena Sa'id. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, tare muka koyi farauta a hannun mahaifinmu. Tun da 'yan ta'addan da muke kira yaran daji suka tare mota a hanyar Dambuwa wata huɗu da suka wuce, suka tafi da 'yarsa Rumaisa'u, ya rame ya zama mai saurin hannu. Ya ɗaga wani takalmin taya sama. "Ga shi nan, a bayan katanga na tsince shi. Sawunsa ne tun daga bakin ɗaki har waje. Kowa ya san takalmin ɗan dutsen nan, ga ɗinkin wayar da ya yi wa na hagu."

Jama'a suka ɗauka. Wannan ya ce dama bai yarda da shi ba, wancan ya ce ko a daji in ya yi magana ba a gane abin da yake nufi, wa ya sani ko da su yake yi. Babakura, shugabanmu, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce ya riga ya kira hukuma, mota za ta zo bayan la'asar.

Duk wanda ya zauna a Maiduguri a waɗannan shekarun ya san ma'anar wannan. In aka ce mutum ya ba yaran daji makami, motar da ta ɗauke shi ba ta cika dawowa da shi ba.

"Ba ni zuwa la'asar," na ce.

"Malam Ya'u, magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. Sau nawa na fitar da ku daga daji da idon nan nawa? Ranar da kuka ce yamma na ce gabas, wa ya yi gaskiya? In yau idona ya zama na banza, to ku nemi wani ya riƙa shige muku gaba."

Babakura ya dube ni. Ya ce, "La'asar. Ko minti ɗaya ba zan ƙara ba."

*

Bari in gaya muku yadda muka haɗu. Da masifar nan ta yi ƙamari aka ce maharba su taru su taimaka, sai ga mu birjik: Kanuri irin su Babakura, mutanen tafki da suka gudo daga Baga, mutanen duwatsun kudu irin su Manasse, da mu da iyayenmu suka zo daga Kano. Hausa ce ta haɗa mu a gari. Amma a daji kowane gidan maharba da nasa bakin, domin maharbi ba ya kiran abu da sunansa inda dawa ke ji. Mu a gidanmu gyado mugun dawa ne, bindiga sanda ce, naman da aka harbe ba ya mutuwa, kwanciya yake yi. Mutanen tafki su ce ya nutse, ko da a kan tudu ya faɗi. Su Manasse kuwa in aka juya tasu da Hausa, cewa suke ya hau gida. Fitarmu ta farko kamar kasuwar kurame, kowa na dariyar kowa. Daga baya aka daina yi wa kowa dariya, ban da Manasse, don shi kaɗai ne ba shi da dangi a cikinmu. Ƙauyensu an ƙone shi ƙurmus.

Na tsuguna a gabansa na ba shi ruwa.

"Ina ka kwana?"

"A ɗakina, Ya'u. Ni kaɗai. Wa gare ni da zai shaide ni?"

"Takalmin fa?"

"A ƙusa nake rataye shi a nan, kusa da jakata. Na daji ne, ba na shiga gari da shi. Kowa ya sani." Ya tofar da jini. "Ba'ana ne ya ba ni tabarma ranar da na shigo garin nan ba ni da ko riga ta biyu. Ni zan buge shi? Su kai ni duk inda za su kai ni. Ba zan roƙi kowa ba."

Na zagaya bayan katanga inda ba a tattake ba. Sawun na nan sarai, har da zanen wayar. Amma mutumin dutse da yatsu yake fara taka ƙasa, saboda hawa ya saba. Wannan kuwa da gefen ƙafa yake sauka yana mirgino ta a hankali, irin sanɗar mutanen fili. Na koma na faɗa musu. Wani ya ce, "To ai mai nauyi a ka tafiyarsa canzawa take." Aka yi dariya. Na haɗiye, na koma kan sawuna.

Sawun ya bi lungu ya ɓulle a kwalta, nan ya ɓace. Amma a inda ya sauke kaya ya huta, na ga shatar buhu biyu, da ɓurɓushin banda, ƙuda har sun taru. A buhun kifi aka sa bindigogin.

*

Na tari Keke zuwa Kasuwar Kifi ta Baga Road. A cikinmu mutum ɗaya ne ke hulɗa da kifi, Mikail, maharbin tafki, wanda in ba mu fita daji ba yake taya surukinsa ɗaurin kaya. Ina tafe ina cewa a raina, to ga ɓarawon. Kai, har daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

Na same shi zaune a rumfa, ƙafar dama a kumbure kamar turmi, an naɗe ta da tsumma.

"Wushe, sannu da zuwa, Malam Ya'u. Ka zo gaishe ni ne, ko ka zo kama ni?"

"Duk wanda ya samu."

Ya yi dariya har da tari. Ƙaya ce ta soke shi kwana shida da suka wuce, ko masallaci sai an riƙe shi. Mutanen rumfa suka tabbatar. Na tambaye shi buhuna. Ya nuna mini tsibi guda a bayan rumfa, ya ce tun da kifi ya daina zuwa kamar da, buhu ba mai gadinsa, duk wanda ya so ya ɗiba.

"Namu fa, akwai wanda ya zo nan kwanan nan?"

"Kusan kowa ya zo duba ni. Babakura ya zo, ƙanenka ya zo, Manasse ma ya zo, shi ya kawo mini saiwar da ake dafa mini." Ya gyara zama. "Gaskiya ne sun ɗaure shi? Mutumin da ya goya ni daga bakin daji har mota? Wallahi in suka ba da shi, alhaki ba zai bar mu ba."

Na ce ya sa a kawo shi ofis kafin la'asar, ko a baro ne. Na fito hannu rabbana, rana ta take tsaka, ban ƙaru da komai ba sai warin kifi.

*

Ya Kellu na zaune a zaurenta, ko wuta ba ta hura ba. Na gaishe ta, na ce ta ba ni labari tun daga tura ƙyaure, kada ta tsallake komai.

"Me zan ce, Malam Ya'u? Yana kwance rub da ciki, carbinsa a hannu. Na yi salati, kwanon ya suɓuce mini. Na ruga na kira mutane."

"Allah ya saka miki da kika rufe jinin da yashi."

"Ni? Ban taɓa komai ba. A rufe na same shi. Har na ce a raina, wane irin azzalumi ne wannan, ya kashe mutum kuma ya tsaya gyaran wuri? Tabarmar ce dai na jefa a kai da aka ɗauke shi, don kada a taka."

Na miƙe zumbur na nufi ofis. Ban ko yi mata sallama ba.

Mutane sun tafi azahar, tsakar gidan ba kowa sai Manasse da mai tsaronsa. Na durƙusa na ɗaga tabarmar a hankali. Ba zuba yashin aka yi ba, watsa shi aka yi, sau uku, kowane ya hau kan ɗan'uwansa, daga hagu zuwa dama. A tsakiya ga ɗan rami, inda aka dangwala babban yatsa.

Hannun mahaifina na gani. A gidanmu jini raɓa ake ce masa a daji, kuma ba a tashi a bar raɓa a buɗe. Tsohon yakan ce jinin da ka zubar ka bari yana kallon sama, zai biyo ka har gadonka. Ka watsa ƙasa sau uku da hagu, ka danne da yatsa, sannan ka juya. Da dorina ya koya mana wannan, har ya zama ko zabuwa muka yanka hannu da kansa yake yi. Ban taɓa ganin wani gidan maharba yana dangwala yatsan nan ba. Mutum uku ya koya wa: ni, da Sa'id, da yayanmu wanda ya rasu tun kafin masifar nan.

Na mayar da tabarmar. Na miƙe na nufi gidan Sa'id.

*

Na same shi a ɗakinsa, yana zaune a bakin katifa. Warin banda ne ya fara yi mini sallama.

"Sa'id, ka rufe raɓa."

Bai musa ba. Ya dubi hannunsa na hagu kamar na wani.

"Yaran daji sun aiko mini, Yaya. Sun ce sanda huɗu da harsashi, su sako ta. Gobe zan kai. Na ɗauka Ba'ana ya tafi masallaci, wallahi na ɗauka ya tafi. Sai ga shi ya fito daga banɗaki, ya kira sunana. Sau ɗaya na buga."

"Takalmin Manasse kuma tun kafin ka ga Ba'ana ka sa shi. Wannan ba tsautsayi ba ne."

"Manasse ba shi da kowa! Ba mai kuka in ya tafi. Ni 'yata ce, shekararta goma sha uku. 'Yarka ce, Yaya, kai ka yi mata huɗuba." Ya kama ƙafata. "Ka yi shiru zuwa gobe kawai. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in yi shirun. Na tuna yarinyar tana ɗebo mini ruwa in na dawo daga daji. Na tuna tsohuwarmu da za ta ji cewa ɗanta ne ya miƙa ɗanta. Zuciyata ta yi ta tafasa, ban san wa zan zaga ba.

"Bindigogin nan wa za a harba da su?" na ce. "'Ya'yan wa? Kuma ka yarda za su sako ta, mutanen da ba su san alkawari ba? Tashi ka je ka faɗa da bakinka. Ya fi maka sauƙi a wurin Allah da wurin mutane."

"Ba zan je ba. Kai ma ba za ka iya ba."

"To zo ka gani."

*

Ana idar da la'asar tsakar gidan ta cika. An kawo Mikail a baro. Sa'id ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, yana kallona ido cikin ido. Shi a tunaninsa ba zan iya ba.

"To, Malam Ya'u," in ji Babakura, "mota ta taso."

"Tambaya ɗaya zan yi wa kowa. Shugaba, in kun kayar da nama jini ya zuba, me kuke ce masa, me kuke yi da shi?"

"Yanzu lokacin wannan ne?"

"Amsa mini dai."

"Rabon kare muke cewa. Mu bar wa karnuka su lashe."

"Mikail?"

"Mu jan ruwa muke ce masa. A kwara masa ruwa ya bi inda ya fito."

"Manasse?"

Wani ya yi tsaki, ya ce yanzu za mu ji shirme. Manasse ya ɗago kai, muryarsa ko rawa ba ta yi.

"Mu muryar nama muke ce masa. Ba a toshe wa murya baki. A bar shi a buɗe, a ajiye dutse a gefe, don duk wanda ya wuce ya san rai ya fita a nan. Wanda ya rufe jini a wurinmu, ba a ƙara fita farauta da shi."

"Kun taɓa ganin ya rufe?" na tambayi jama'a. "Shekara uku kuna yi masa dariya saboda duwatsun nan da yake jerawa. Ko yau kun manta?"

Na kira Ya Kellu ta maimaita abin da ta gaya mini. Sannan na yaye tabarmar.

"Ku matso ku duba, amma wanda ya taka sai na karya masa ƙafa. Watsi uku da hagu, da yatsa a tsakiya. Wa kuka sani yana wannan?"

Babakura ya sunkuya ya duba. Ya ɗago a hankali. "Kai, Malam Ya'u. Kai kake yi."

"Ni nake yi. Aikin gidanmu ne. Ni kuwa a Gamboru na kwana, ga mutum tara a nan da za su rantse." Na juya wajen ƙofa. "Mu biyu muka rage a duniya da muka gaji wannan. Takalmi ana ara, tafiya ana canzawa. Abin da uba ya dasa maka da dorina ba ya fita. Bindigoginku na ƙarƙashin katifar Sa'id ƙanena, a buhun kifi."

Wuri ya ɓarke. Waɗanda suka fasa wa Manasse baki da safe, su ne suka fara zaburowa kan Sa'id. Na sha gabansu da gorata.

"Wallahi wanda ya taɓa shi sai ya bi ta kaina! Da safe kun daki mara laifi, yanzu kuna neman wanke kanku da jinin wani? Hukuma ce za ta yi masa hukunci, ba ku ba. Kunya ba ta ishe ku ba?"

Suka ja baya. Sa'id bai gudu ba. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Yaya, ka kashe ta."

Har motar ta zo ta tafi da shi bai ƙara ce mini komai ba, bai kuma dube ni ba.

*

Ni na kwance Manasse da hannuna. Igiyar ta ci masa wuyan hannu. Babakura ya zo ya tsaya yana neman abin faɗa, Manasse ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya je ya ɗauki takalminsa ya kaɗe.

"Hanyar Dambuwa aka ce?" ya tambaye ni.

"Wata huɗu ke nan. Ba sauran sawu."

"A fili babu. A dutse akwai. Bayan dajin nan duwatsunmu ne, ni na san inda ake ɓoye mutane." Ya rataya jakarsa. "Ba don shi ba. Yarinya ba ta ɗaure ni ba. Ka shirya, jibi."

Idona ya sauka a gindin darbejiyar, inda jinin bakinsa ya ɗiga tun safe ya yi baƙi. Ban san lokacin da na sunkuya ba. Sai ji na yi hannuna na hagu cike da yashi.

Manasse ya riƙe mini hannu.

"Bar shi a buɗe, Ya'u. Su riƙa gani."

Na buɗe hannuna yashin ya zube a gefe. Na nemo dutse na ajiye.